Mutum ya ci kofin duniya sau 7, me kuma ya rage da har yake karya sanda?

Ɗan_Kawo147:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambayata ga masu bin sinuka ce, na san ba mu da yawa, bal ta ɗauke hankalin kowa. Tun da aka tashi daga gasar duniya ta 2025 wani abu yake cina a rai. Na kalli wasan kusa da na ƙarshe da Zhao Xintong ya yi wa Ronnie O'Sullivan 17 da 7, har da zaman da aka buga turmi takwas Ronnie bai ɗauki ko ɗaya ba. Kashin da ya sha bai dame ni ba, kowane gwani yana da ranarsa. Fuskarsa ce ta tsaya mini. Yana zaune a kujerar nan kamar wanda aka kawo zaman makoki. Kafin nan, a watan Janairu, ya karya sandarsa don haushi, ya janye daga Masters, ɗaya daga manyan gasannin sinuka, alhali kofin yana hannunsa, aka yi kusan wata uku ba a gan shi a gasa ba. Mutumin da ya ci kofin duniya sau 7, Masters sau 8, gasar Birtaniya sau 8, yana da shekara 49 a lokacin, duniya ta sallama masa. To me ke damunsa? Rashin godiyar Allah ne, ko da gaske akwai kayan da yake ɗauke da shi wanda mu 'yan kallo ba ma gani?

Sarkin_Yaƙin_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ƙoshi ne kawai. Ka kawo shi Rigasa ya yi sati guda ba wuta ba ruwa, ya biya kuɗin Keke zuwa Kasuwar Bacci kullum, ka ga in damuwar ba ta gudu da ƙafarta ba. Wanda ya ci gasar nan a 2025 fam 500,000 aka ba shi. Ka buga lissafinta a naira sannan ka dawo mu yi maganar damuwa.

Injiniya_Kakuri:
Sarkin Yaƙi, ka taɓa kallon wasan daga farko har ƙarshe kuwa? Don akwai abin da ke cikin sinuka wanda babu shi a bal. A bal in ka ɓarar da ƙwallo kana iya bin ta a guje, ka yi tsalle, ka yi wa wani ihu, zafin ya fita da gumi. Kuma ku goma sha ɗaya ne, laifin ana raba shi. A sinuka in ka kuskure ja guda ɗaya, komawa za ka yi ka zauna. Ba ka da ikon yin komai. Kana kallo abokin karawarka zai share teburin a natse, minti goma, minti goma sha biyar, kyamara tana kan fuskarka, kana sanye da falmaran da ɗamarar wuya, ba halin ko ka yi tsaki da ƙarfi. Zauren Crucible da ke Sheffield, inda ake gasar tun 1977, mutum ƙasa da dubu yake ci, na sahun gaba suna iya jin numfashinka. Kwana 17 ake yi ana wannan. Wasan ƙarshe kuma sai wanda ya fara kai turmi 18, kwana biyu cur. Mutum da tunaninsa ne kawai a kujerar nan, shi ya sa masu wasan suke cewa kujerar ta fi teburin wuya.

Sarkin_Yaƙin_Rigasa:
Zama a kujera cikin sanyin AC ne wahala? Allah ya ba mu irin wannan wahalar.

Ummu_Hanif:
Amin, amma ka yi a hankali da abin da kake roƙo.

Yaron_Badarawa:
Ni fa ban gane ba, wane irin sinuka ne ake yin kwana biyu ana wasa ɗaya? Mu a layinmu minti goma an gama, wanda aka ci ya biya kuɗin tebur.

Injiniya_Kakuri:
Ƙanena, abin da muke bugawa a unguwanni ba shi ne wannan ba, suna ne kawai muka ara. Namu ƙaramin tebur ne mai manyan ramuka, kowa da ƙwallayensa bakwai, sai baƙa a ƙarshe. Nasu tsawonsa ƙafa 12, faɗi ƙafa 6, ramukan matsattsu. Jajaye 15 ne, kowace maki 1, sai masu launi shida: rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. In ka zura kowace ja ka bi ta da baƙa, sannan ka share masu launin a jere, shi ne maki 147. Ronnie ya yi wannan a 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8, har yau ba wanda ya kamo shi.

Yaron_Badarawa:
Ashe mu wasan yara muke yi. Na gode Yaya.

Baffa_Unguwar_Rimi:
Ɗan Kawo, ni na girme ku a kallon wasan nan, don haka bari in ɗan koma baya. Wannan da kuka gani a 2025 ba sabon abu ba ne a wurin Ronnie. Yaron nan yana shekara 15 ya yi 147 na farko. A 1992 ya zama ƙwararre, ya ci wasa 74 cikin 76 na farko da ya buga. A 1992 ɗin dai aka ɗaure mahaifinsa kan laifin kisan kai, sai da ya yi shekara 18 a kurkuku. Uban nan shi ne ya gina masa ɗakin wasa a gida, shi ne ke gaya masa ba wanda ya kai shi. Bayan 'yan shekaru aka ɗaure uwar ita ma kan batun haraji, aka bar shi da ƙanwarsa ƙarama. A tsakiyar wannan, a 1993, yana shekara 17 ya doke Stephen Hendry ya ci gasar Birtaniya. Daga ranar kowa ya yanke hukunci cewa kofin duniya nasa ne, jiran lokaci kawai ake. Amma sai 2001 ya samu. Shekara takwas kenan ana tambayarsa yaushe, yaushe. A cikin shekarun ya faɗa shaye-shaye, har ya kai kansa gidan gyaran hali a 2000. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa yana fama da ciwon damuwa.

Abin da na lura da shi shi ne, in Allah ya ba ka baiwa mai yawa, mutane sukan ƙwace maka daɗin nasara. In ka ci, a ce dama ai shi ne. In aka ci ka, a ce ka yi sakaci. Babu ranar da za a ce ka yi ƙoƙari.

Ɗan_Kawo147:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Maganar ƙarshen nan ta shige ni. Amma fa bayan kofi bakwai, wa zai ƙara tambayarsa yaushe?

Baffa_Unguwar_Rimi:
Ai yanzu na takwas ake tambaya. Ya kamo Hendry a 2022, kowa yana da bakwai, to saura ya wuce shi. Ka ga yadda ya rungume Judd Trump ranar yana kuka ya ƙi sakinsa? Wannan kukan wanda aka sauke wa kaya ne. Kafin gari ya waye an ɗora masa wani.

Lauyan_Barnawa:
Ku yi haƙuri, ni ba zan bi ku a wanke shi tas ba. Akwai damuwa, na yarda, amma akwai raini ma. A Disambar 2006 a York, Hendry yana gaba da shi 4 da 1 a wasan da sai an kai 9, ya kuskure ja ɗaya, kawai sai ya je ya ba Hendry hannu ya fice. Mutane sun biya kuɗin tikiti, wasu daga nesa suka zo. An ci shi tara, kuma ya cancanta. A 2016 yana kan hanyar 147 ya tambayi nawa ne ladan, aka ce fam 10,000, sai ya zura ruwan hoda da gangan ya tsaya a 146 wai kuɗin ya yi kaɗan. A 2020 ya ce wa 'yan jarida matasan da ke tasowa ba su iya ba, sai ya rasa hannu da ƙafa kafin ya fita daga sahun 50 na farko. Wannan ma ciwon damuwa ne? Mark Selby ma ya fito a Janairun 2022 ya faɗi cewa yana fama da ciwon, kuma nasa tarihin ba sauƙi: uwa ta tafi yana shekara 8, uba ya rasu da ciwon daji yana 16. Amma ban taɓa ganin ya wulaƙanta abokin wasa ba.

Ummu_Hanif:
Barista, ciwo ɗaya ne amma ba iri ɗaya yake fitowa a jikin kowa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga wanda nasa yake sa shi shiru, na ga wanda nasa yake sa shi faɗa da kowa. Ban ce kada a hukunta shi ba in ya yi laifi.

Ni ba na kallon sinuka, maigidana ne mai kallo, har sai na yi masa magana ya tashi ya yi Magariba don ƙarfe bakwai suke farawa kuma agogonmu da nasu ɗaya ne a watan Afrilu. Amma zancen ya taɓa ni saboda ƙanena. Tun daga aji ɗaya na firamare shi ke zuwa na ɗaya. A gida suna ya ɓace, kowa "Dakta" yake ce masa tun yana shekara tara. Ranar da ya zo na biyu a sakandare, Baba bai dake shi ba, bai ma yi faɗa ba, kawai ya riƙe takardar ya ce "wa ya zo na ɗayan?" Shi kenan. Ni da nake zuwa ta goma sha wani abu, in na zo ta takwas har kaza ake yanka mini. Ya shiga karatun likita, a shekara ta uku ya faɗi jarrabawa ɗaya. Ya yi wata biyu bai gaya wa kowa ba. Kullum zai yi wanka ya ɗauki jaka ya fita, ashe masallacin unguwar gaba yake zuwa ya zauna har la'asar. Ladanin ne ya zo ya sami Baba. Yanzu alhamdulillahi ya warware, yana sana'arsa, amma har yau in wani ya ce masa Dakta da wasa sai ka ga fuskarsa ta canja.

Malam_Tudun_Nupawa:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Mu ma a makarantun allo da Islamiyya muna ganin irinsa lokacin musabaƙa. Yaron da ba ya tuntuɓe a gaban malaminsa, sai ya hau mumbari ya ga jama'a da alƙalai, ayar da ya fi sani ita za ta ɓace masa. Kuma yawanci wanda aka fi yi wa kirari ne. Sarkin Yaƙi, ina so ka gyara magana ɗaya. Damuwa ba alamar rashin godiya ba ce koyaushe, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Mai kuɗi yana hawan jini, yana ciwon suga, to me zai hana shi wannan?

Sarkin_Yaƙin_Rigasa:
Na ji Malam, Allah ya gafarta. Amma dai gara in yi kukana a cikin mota mai sanyi.

MaiTebur_TW:
Tun ɗazu nake karantawa ina shiru. Ni tebur uku gare ni a Tudun Wada, shekara goma sha ɗaya ina wannan harka. Bari in ba ku wanda na gani da idona, ba a talabijin ba.

Akwai wani yaro da ya fara zuwa wurina yana ɗan shekara 13, ko kuɗin tebur ba shi da shi, sai ya share mini wuri in bar shi ya buga in ba kowa. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ba ya auna komai, yana sunkuyawa ya buga. Kafin ya kai 16 ba mai iya tsayawa da shi a unguwar. Daga nan manya suka gano shi. Sai su ɗauke shi a mota su kai shi Kabala, su kai shi Barnawa, su haɗa shi da gwanayen can, su zuba kuɗi a kansa. Shi ɗan abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba.

Wata rana aka kawo karawar wurina, da daddare, janareta yana ta ƙara, mutane sun cika har bakin titi. Wani Alhaji ya sa kuɗi masu nauyi a kansa, ya dafa kafaɗarsa ya ce "kada ka ba ni kunya." Aka zo kan baƙa, tana bakin rami, ƙwallon da ko ɗana na firamare zai zura. Sai na ga yaron nan yana goga alli a kan sanda. Ya goga, ya sunkuya, ya miƙe, ya sake gogawa. Sau huɗu. Shi da ko alli ba ya tunawa da shi. Yatsunsa duk sun yi shuɗi, gumi yana ɗiga a kan kyallen. Ya buga, baƙar ta daki bakin ramin ta dawo. Ba wanda ya zage shi da farko, shirun ne ya fi muni. Ya jingine sandar a bango a hankali, ya zagaya bayan shago, na bi shi na tarar yana amai. Tun daga ranar bai ƙara riƙe sanda ba. Yanzu gyaran waya yake yi, in ya biyo ta layin sai ya tsallaka ɗaya gefen titin ya ɗaga mini hannu daga nesa.

Malam_Tudun_Nupawa:
Inna lillahi. Amma Mai Tebur, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, caca aka yi a shagonka da yaro ƙarami kana tsaye.

MaiTebur_TW:
Gaskiya ce Malam, ba zan musa ba. Lokacin ina ganin ciniki ne kawai, ana shan lemo ana biyan tebur. Bayan abin na hana, na rubuta a bango da fenti. Na rasa kwastomomi da yawa, kuma na san wasu suna yi a waya ta tiransifa ba tare da na gani ba.

Lauyan_Barnawa:
Cacar nan ba a Tudun Wada kaɗai take ba. Shi kansa Zhao da ya ci kofin duniya na 2025, dakatarwar wata 20 ya dawo daga ita, cikin 'yan wasan Sin goma da aka hukunta a 2023 kan badaƙalar sayar da wasa. Shi ba a same shi da sayar da nasa wasan ba, amma an same shi da yin caca da kuma hannu a abin da wani ya aikata. Yara ne a ƙasar da ba tasu ba, ba iyaye kusa, ba harshe, manya suka ja su.

Injiniya_Kakuri:
Labarin baƙar Mai Tebur ya tuna mini Jimmy White. Sau shida yana zuwa wasan ƙarshe na duniya, 1984 sannan 1990 zuwa 1994 a jere, bai ci ko ɗaya ba. A 1992 yana gaban Hendry 14 da 8, Hendry ya ci goma a jere. A 1994 suna 17 da 17, wasa yana hannunsa, ya kuskure baƙa daga mazauninta, ƙwallon da ya zura sau dubbai. Steve Davis ma haka a 1985, ya fara da 8 da 0 a kan Dennis Taylor, aka zo kan baƙar ƙarshe bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18.5 suna kallo a Birtaniya, ya kuskure. Hannun bai manta ba, kai ne ya shiga tsakani.

Ɗan_Malali:
Ku kuna ta Ronnie, ni Ding Junhui ne yake ba ni tausayi. Ubansa ya sayar da gidansu don yaron ya koyi wasa. Yana shekara 18 ya doke Hendry ya ci gasar Sin a 2005, daga nan ƙasa guda mai mutum fiye da biliyan ta rataya masa buri a wuya. A wasan ƙarshe na Masters a 2007 Ronnie ya ci shi 10 da 3, 'yan kallo suna ta ihu, yaron yana hawaye a kujera, Ronnie ne ma ya rungume shi ya rarrashe shi. Ya kai wasan ƙarshe na duniya a 2016 Selby ya ci shi 18 da 14. Shekara ashirin ana cewa shi ne ɗan Sin na farko da zai ɗauka, ga shi Zhao, yaron da ya taso yana kallonsa, ya riga shi. Wani ya share gona, wani ya ci amfanin.

Sarkin_Yaƙin_Rigasa:
To wannan na ɗan ji shi. Uba ya sayar da gida? A nan da dangi sun kai shi ruƙiyya.

Baffa_Unguwar_Rimi:
Sarkin Yaƙi, kuma fam 500,000 ɗin da ka kawo na mutum ɗaya ne. Kusan mutum 128 ne a sahun ƙwararru, wanda bai shiga 64 na farko ba bayan shekara biyu yana iya rasa katinsa. Na ƙasan nan su ke biyan kuɗin jirgi da masauki, a gasa da yawa in aka fitar da kai a zagayen farko hannu rabbana za ka koma. Nasu matsin na kuɗin haya ne, irin namu.

Shi kuwa Ronnie abin da ya taimake shi, tun 2011 yake ganin wani likitan ƙwaƙwalwa, Steve Peters, ga kuma gudu da yake yi kusan kullum. Bayan ya ci kofin 2012 ya ajiye wasa kusan kakar gaba ɗaya, har aikin gona ya je ya yi, ya dawo a 2013 ya sake ɗauka.

Lauyan_Barnawa:
Wannan ma hujjata ce Baffa. Wanda zai yi hutun shekara ya dawo ya cinye kowa, yana sane da abin da yake yi. Wani lokacin kukan nasa dabara ce ta sauke wa kansa nauyi, ya ce ban shirya ba, don in an ci shi a ce dama ya faɗa.

Ummu_Hanif:
Ko da dabarar ce Barista, me ya sa yake buƙatarta?

Ɗan_Kawo147:
Ni dai har yanzu ban san inda zan tsaya ba. Barista yana da gaskiya kan York, ni ma da na sayi tikiti ranar da na ji haushi. Amma yaron Mai Tebur ya hana ni sakat. Mai Tebur, in ka sake ganinsa ka gaishe shi, kuma ko zai yarda a yi wasa ɗaya ba kuɗi ba 'yan kallo? Ni zan biya tebur.

MaiTebur_TW:
Na taɓa gwadawa bara da ƙaramar salla, na ce ya zo da safe kafin a buɗe. Ya yi dariya ya ce yana da wayoyin mutane a hannu. Zan sake yi masa magana, amma kada ka sa rai.

Yaron_Badarawa:
Yaya Injiniya, akwai inda ake da babban teburin nan mai ƙafa 12 a Kaduna? Ina so in gani da idona ko sau ɗaya.

Injiniya_Kakuri:
Ka leƙa tsofaffin kulob-kulob na cikin gari ka tambaya, irin wuraren ne suke ajiye shi. In ka samu ka fara gwada zura shuɗiya daga tsakiya sau goma, ka zo ka gaya mana nawa suka shiga.